Kwana uku a Langkawi da filafili a hannu

Shekaranjiya na dawo garin Sintok na Malesiya daga Langkawi, har yanzu kafaɗuna na tsami. Daga Kuala Perlis muka hau jirgin fito, awa ɗaya da 'yan mintuna muka sauka Kuah, inda gunkin shirwa mai tsayin mita 12 ke tarbar baƙi. Langkawi tsibirai 99 ne a arewacin Malesiya, dab da iyakar Tailan.

Kilim ce ta kai ni. Kogi ne da ke ratsa dajin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, su suna ce musu bakau, ga duwatsun farar ƙasa tsaye hagu da dama. Tun 2007 UNESCO ta sa Langkawi cikin wuraren da ake karewa saboda duwatsunsu. Mai hayar kayak ya ce ringgit 250, kuɗin ƙasar, na taya 170, muka daidaita a 200 har da abincin rana. Da tsada, amma ban yi nadama ba.

Kayak ɗin kwale-kwalen roba ne siriri, filafilinsa baki biyu. Ni ɗan Yawuri ne, tun ina yaro nake tuƙi tare da 'ya'yan Sarkawa, don haka da jagoran ya miƙo mini rigar kariya sai na ce masa na iya ruwa. Yaron, wanda bai wuce sa'ar ƙanena ba, ya ce, "Abang (wato Yaya), ko kifi ne kai sai ka sa." Raina ya sosu, na sa dai. Da muka fito faɗin kogin, wani jirgi mai inji ɗauke da 'yan yawon buɗe ido ya wuce a guje, igiyarsa ta kifar da ni. Rigar ce ta ɗago ni kafin in gane sama da ƙasa. Ina riƙe da gefen kwale-kwalen, Warrah ta jihar Kebbi ce ta faɗo mini a rai, da mutanenmu da kogin Neja ya ci a hatsarin jirgin ruwa a Mayun 2021, akasarinsu 'yan kasuwa da mata da yara. Rigar nan nawa take? A nan ba a bar ko mutum ɗaya ya taɓa ruwa babu ita ba.

Daga nan muka kutsa lungunan da jirgin inji ba ya shiga. Tsit, sai ɗigar ruwa daga filafili, kaguwa na yawo kan saiwoyi. Abin da ban so ba shi ne yadda masu manyan jirage ke watsa wa shirwa fatar kaji don baƙi su ɗauki hoto. Tsuntsun da Allah ya hore wa farauta an koya masa roƙo.

Wani dattijo mai gonar kifi a kan ruwa ya ga kayana sharkaf, ya ba ni zani na ɗaura, ya shimfiɗa mini dardumar salla, ya ƙi karɓar kuɗin shayi. "Makan, makan," yake ta cewa, wato ci, ci. Na ce, "Terima kasih, Pak Cik," wato na gode, Baffa.

Washegari muka je tafkin Dayang Bunting, ruwan daɗi a cikin wani tsibiri, siririn dutse kaɗai ya raba shi da teku. Mata masu neman haihuwa na zuwa wanka saboda wata tatsuniyarsu. Ruwan a kwance yake kamar na Tiga da asuba. Birai sun ƙwace wa abokina burodi a matakala.

Rana ta uku ruwan sama ya hana mu fita bakin tekun Cenang, sai muka shiga kantunan Kuah sayen cakulan, tunda ba haraji a kansa a tsibirin.