Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Littafin Dare

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Da wannan Gwaggo ta rufe min baki ranar da aka yanke cewa Yaya zai ci gaba da karatu, ni kuwa in dakata. Ban ce uffan ba. Da dare na buɗe ragowar littafin lissafina na fara rubutu.

Shekarun farko kuka kawai nake zubawa a takarda. An cuce ni, an cuce ni, shafi bayan shafi, zuciya kuwa tana nan yadda take. Sauƙi ya zo ne da na daina rubuta "ni", na koma kiran kaina da sunana kamar labarin wata nake bayarwa: ta so ta yi magana, ba a bar ta ba. Nan na iya tambayar me yarinyar nan take buƙata, na kuma samu amsa. 'Yata ce, da ta girma ta karanci ilimin halayyar ɗan Adam, ta gaya min wani masanin fannin, Ethan Kross na Jami'ar Michigan, ya yi bincike kan wannan dabarar, kuma tun 1986 wani masanin kuma, James Pennebaker, ya sa ɗalibai suna rubuta abin da ke ci musu rai, minti 15 kullum, kwana 4 a jere. Ni ba wanda ya koya min, kuma ina alfahari da hakan.

Aure, haihuwa, duk ku bar su. Bayan rasuwar Gwaggo na yi abin da ya fi wuya, na rubuta waccan ranar da bakinta, ina cewa "ni" a madadinta. Hannuna har rawa yake. Na ga mace mai tsoro, wadda ita ma ba a taɓa tambayar ta me take so ba. Na fahimce ta, Allah Ya jiƙanta, amma har gobe ban yarda ta hango komai ba. Babba ya hango! Me ta hango?

Yanzu nakan bar gefen shafi fili, in dawo bayan watanni da jan biro, in sa kwanan wata, in amsa wa kaina. Wani ɓacin ran nakan tarar ya mutu. Na karatuna dai yana nan.

Mako mai zuwa za ku ji yadda Yaya ya tsinci littafin, da abin da ya ce min.