Ga Mai Son Haɗa Amfilifayar Bawul da Hannunsa

Duk matashin da ya saba da gyaran rediyo ko amfilifayar taransisto yana shiga aikin bawul da zaton cewa ya riga ya ci rabin tafiya, kuma wannan zaton ne ya jawo mini yawancin asarar da na tafka. Bawul, wato kwalbar gilashin nan da aka zuƙe iskar cikinta, wadda take ja kamar garwashi idan ta ɗauki zafi, ta girmi taransisto nesa ba kusa ba, domin a 1906 Lee de Forest ya ƙera mai ƙafa uku da ke iya ƙara ƙarfin sauti, taransisto kuwa sai a 1947 ya bayyana. Dokokin aikinta daban ne, kuma abubuwa da dama da hannu ya saba yi ba tare da tunani ba a wancan aikin su ne suke zama haɗari a wannan.

Magana ta farko, ƙannena, ita ce ta rai. Ƙaramar amfilifaya mai bawul ɗaya na EL84 tana aiki da wuta mai ƙarfin bolt 250 zuwa 300, kuma manyan kondensocin da ke tace wutar suna riƙe ta bayan an zare filogi daga bango. Na taɓa kashe tawa, na zare waya, na sa hannu domin in gyara wani liƙi da bai kama ba, sai wuta ta fizge ni har hannuna ya bugi gefen akwatin ƙarfen ya yanke, kuma Allah ne ya kiyaye ɗaya hannun nawa ba ya riƙe da ƙarfen, da ta ratsa ta ƙirjina. Tun daga ranar ban ƙara haɗa wata ba sai na liƙa razista mai om 220,000 da wat 2 a tsakanin ƙafafun kondensa ta farko, domin ta riƙa zubar da wutar a hankali idan an kashe. Duk da haka kada ku dogara da ita, domin razista ma tana mutuwa ba tare da ta nuna alama ba. Ku ɗora mita, wadda aka rubuta a jikinta cewa tana jure bolt 600, ku ga da idonku wutar ta sauka ƙasa da bolt 10 kafin ku taɓa komai, kuma idan dole ne ku auna yayin da take kunne, to hannu ɗaya ya yi aikin, ɗayan yana cikin aljihu, ƙafafunku cikin takalmin roba a busasshen wuri. Haka kuma ku guji tsofaffin zane-zanen da ke ɗaukar wuta kai tsaye daga bango ba tare da taransifoma ba, kuma ku haɗa akwatin ƙarfen da wayar ƙasa, ku sa fis.

Kuskurena na biyu a wajen saye ne. Na fara da bawul, domin ita ce ke ɗaukar ido, na zuba kuɗina a kanta, sannan na tsaya ina neman taransifoma da ɗan abin da ya rage. Ashe bawul ita ce mai sauƙin samu, tunda har yanzu ana ƙera EL84 da 12AX7, wato ƙaramar bawul ɗin da ke fara ƙara sauti kafin ya isa EL84, a Sulobakiya da Rasha da Sin, kuma 6P14P ta zamanin Tarayyar Sobiyet tana shiga gurbin EL84. Abin da ke da wuya, kuma wanda ingancin sauti ya rataya a wuyansa, shi ne taransifomar da ke tsakanin bawul da lasifika. EL84 tana son ta ga nauyi na kusan om 5,000, lasifika kuwa om 8 ce, don haka sai an naɗe ɓangaren bawul ninki 25 na ɓangaren lasifika, tunda 8 sau 25 sau 25 shi ne 5,000. Na kai wa wani mai naɗin taransifoma wannan lissafi, ya naɗa shi daidai, amma ban gaya masa cewa dole a bar ɗan siririn gibi a tsakanin farantan ƙarfen ba, saboda ni ma ban sani ba. A amfilifaya mai bawul ɗaya, wuta tana bi ta cikin naɗin kullum ko da ba a kiɗa, kuma idan babu gibin sai ƙarfen ya ƙoshi da maganaɗisu, gangar kiɗan ta fito a shaƙe. Laifin nawa ne, mai naɗin ya yi abin da aka sa shi. Wanda ya samu tsohuwar rediyon bawul ta Grundig ko Philips a wurin dattawan masu gyara, ya duba taransifomarta kafin komai, domin sau da yawa ita ce dukiyar da ke ciki. Wanda kuma zai yi oda daga waje ya karanta takardar kayan da kyau: wutarmu bolt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa 120 ce mai bugu 60, kuma taransifomar wutar da aka naɗa don can kaɗai ƙonewa za ta yi a nan.

A aikin taransisto mun saba kunna amfilifaya babu lasifika domin gwaji. Kada ku yi haka da ta bawul, musamman idan akwai sauti yana shiga, domin wutar da ta rasa mafita tana tashi sosai a cikin naɗin har ta huda rufin wayar. Ta haka na rasa taransifoma mai kyau da na sha wuya kafin in samu. Idan ba kwa son damun mutanen gida da ƙara, ku ɗaura razista mai om 8 da wat 10 a madadin lasifikar.

Sai batun gunjin nan da ke fitowa ko ba a sa kiɗa ba, wanda ya fi komai karya gwiwar ɗan koyo. Na daɗe ina zargin bawul, ina canza wannan da waccan, alhali matsalar tana wurin yadda na shimfiɗa wayoyi. Wayoyi biyun da ke kai bolt 6.3 domin ɗumama bawul dole a murɗe su tare sosai, a kwantar da su a kusurwar akwati, nesa da wayar da sauti ke shigowa ta ciki, ita kuma wannan ta zama gajeriya mai sulke. Wayoyin ƙasa su haɗu a wuri guda, kada a liƙa kowace a inda hannu ya kai, kuma taransifomomin biyu, ta wuta da ta lasifika, a nisanta su, a juya ɗaya ta gicciye ɗayar. Zanen takarda yana nuna abin da ke haɗe da wani ne kawai, ba ya nuna inda kowane abu zai zauna, shi ya sa nake ba ɗan koyo shawarar ya kwaikwayi shimfiɗar da aka daɗe da gwadawa, irin ta amfilifayar gita ta Fender Champ mai wat 5, ya ajiye ƙirƙira sai aiki na gaba.

Ranar kunnawa ta farko, ku jera ƙwan fitila mai zare na wat 60 a kan wayar da ke shiga amfilifayar, yadda wutar za ta ratsa shi tukuna. Idan ya haska ya dushe, aiki ya yi kyau, idan kuwa ya tsaya da haske sosai, akwai inda wayoyi suka haɗe, sai ku kashe nan take. Ƙwan LED ba ya wannan aikin, kuma da yake mai zaren yana ƙaranci a kasuwa, ku ajiye biyu idan kun samu. Bayan kun cire ƙwan, ku auna wutar da ke kan razista mai om 150 da ke tsakanin ƙafar katod ta EL84 da wayar ƙasa, ya kamata ku ga kusan bolt 7. Idan ta zarce haka da yawa, ko farantin cikin kwalbar ya fara yin ja, bawul ɗin tana cin fiye da wat 12 da aka ƙayyade mata, kuma abin da za ku fara zarga shi ne kondensar da ke haɗa ta da 12AX7, musamman idan tsohuwa ce da aka ciro daga rediyo. Ku sayi kondensoci sababbi masu jure bolt 450. Sannan ku maimaita wannan awon a kan wutar janareta idan da ita za ku riƙa saurare, domin takan haura, kuma duk abin da ya ƙaru a bango yana ƙaruwa a kan bawul ɗin da zaren da ke ɗumama ta.