Alƙawarin lasifika da kuɗin ƙwarya

Aikina koyarwa ne a lakkol, ba riƙon kuɗi ba. Amma da muka shirya daren karatun waƙoƙi da gajerun labarai a nan Maraɗi, abokaina suka ɗora mini ma'aji, wai tunda ni nake koyar da lissafi. Nufinmu mu sayi kaye (littafin rubutu) da bik (alƙalami) da alli mu kai wa yaran da suka gudo daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, waɗanda tun 2019 suke zaune a ƙauyukan Gidan Rumji tare da masu masaukinsu. Mun so kayan su isa kafin komawa lakkol a watan Oktoba.

Taron farko ya yi armashi. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo sun zo, wani dattijo daga Tibiri ya rera waƙar da ya rubuta da ajami har wuri ya yi tsit. Sai aka zo wajen gudunmawa. Manyan baƙi suka riƙa karɓar lasifika, wannan ya ce jika hamsin (sefa dubu hamsin), wancan ya ɗara shi, sanƙira yana kirari, ni kuwa ina rubutawa hannuna har rawa yake. A daren nan na kwanta da lissafin katan-katan na kaye a kaina.

Wata biyu na yi ina bin waɗannan alƙawura a bisa kabu-kabu. "Mushe, Alhaji ya yi tafiya Kano." "Mushe, ka dawo bayan la'asar." Wasu sun cika, Allah Ya saka musu, amma mafi yawa sai dai sannu da zuwa da ruwan sanyi. Ga mai hayar kujeru, ga mai rumfa, ga mai injin wuta da kuɗin mansa, duk sun san ƙofar gidana. Ashe mun ci bashi a kan kuɗin da ba su shigo hannu ba, mun sayar da tsuntsu yana sama.

Abin da ya fitar da mu kunya wata ƙwarya ce da muka ajiye a bakin ƙofa, ba mu ma ɗauke ta da muhimmanci ba. Dala biyar (dala ɗaya sefa biyar ke nan), dala ashirin, jefi-jefi dala ɗari a nannaɗe. Wata tsohuwa mai ƙosai ta jefa nata, na ce, "Inna, ki shiga ki zauna mana." Ta ce, "Ɗana, kasko na bari a wuta. Dai a sayo wa yaran abin rubutu." Ba ta ji ko baiti ɗaya ba.

A taro na biyu muka sake salo. Kujeru muka aro, wani mai shago ya ba da lasifika kyauta, muka yi da rana don kada a nemi wuta. Marubutan suka buga waƙoƙinsu a ƴan takardu ana sayarwa dala arba'in, kuma sun ƙare kafin littattafan Kano da muka shimfiɗa a tabarma, abin da ban zata ba. Duk wanda ya so a ambaci sunansa, sai ya fara biyowa ta teburina. Wasu sun ji haushi, ɗaya ma ya ce mun raina manya. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, haka aka saba.

Kafin a watse na tashi na karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin ruwan leda. Na ɗauka mutane za su gundura, sai wani matashi daga baya ya ɗaga hannu ya ce na yi kuskuren dala goma. Na sake ƙirgawa a gabansu, ashe shi ke da gaskiya.