Tarwaɗa mai suna biyu: tafiyata Yawuri

Jan biro ne ya kai ni Yawuri. Ina rubuta kundin kammala digiri a kan kifayen da ake sayarwa a kasuwanninmu, na kai wa malamina babi na biyu, ya dawo min da shi duk inda na rubuta Clarias lazera, sunan tarwaɗa a kimiyyance, ya soke, ya ɗora gariepinus a kai. Ni kuwa daga wani tsohon littafi na kwafo sunan, harafi da harafi. Da na fara ƙorafi sai ya ce, "Je ka ga kifin da idonka tukun, sannan mu yi gardama."

Sammako na yi daga Sakkwato a motar haya, mu huɗu a baya kamar an ɗaure itace. Muka wuce Jega, taya ta yi faci kafin Koko, sai bayan la'asar muka shiga gari.

Gari na wayewa na nufi bakin ruwa. Kwale-kwalen Sarkawa na ta isowa, mata masu banda sun hura wuta, hayaƙi da ƙarni sun cika wurin. Ga giwan ruwa an shimfiɗe shi a kan buhu, ga kurungu yana ta gurnani a cikin daro, ga tarwaɗa tana zillo. Ina tsugune da littafina ina tambayar sunaye sai wani dattijo ya leƙo abin da nake rubutawa. Ashe tsohon ma'aikacin kifi ne, ya shekara da shekaru yana aiki a tafkin Kainji kafin ya yi ritaya. Na ba shi labarin jan biro, ya yi dariya har da tari.

"Ɗana, littafinka bai yi ƙarya ba, tsufa ya yi. Mu ma lazera muka sani da muna samari."

Ya ce wani Bature ɗan Ingila, Burchell, shi ya fara raɗa wa wannan kifi suna a 1822, daga kogin Gariep na Afirka ta Kudu. A 1840 wani Bafaranshe, Valenciennes, ya sake sa masa lazera, yana zaton wani kifi ne daban. Aka daɗe a haka, kudu na kiran nasu gariepinus, mu muna cewa lazera, wasu a gabas suna cewa mossambicus. Sai a 1982 wani ɗan Beljiyam, Guy Teugels, ya gwada kifayen da aka adana cikin kwalabe a gidajen tarihi, ya auna, ya ƙirga, ya ga duk abu guda ne.

Na ce, "To Baba, me ya sa namu ne ya faɗi?"

"Wanda ya riga ka barci ai zai riga ka tashi." Dokar sunayen dabbobi ke nan: in aka gano sunaye biyu kifi ɗaya suke nufi, wanda aka fara wallafawa shi ke tsayawa, kuma daga 1758 ake fara lissafi, shekarar da Linnaeus, masanin da ya tsara yadda ake sa wa halittu sunan kimiyya, ya fitar da bugu na 10 na littafinsa. Tazarar shekara 18 ce ta kayar da lazera.

Abin da ya fi burge ni ya zo bayan haka. Ya sa wani yaro ya yanka tarwaɗa biyu, ya ɗaga marfin kumatunsu, wurin jan naman nan da kifi ke numfashi da shi, ya nuna min wasu siraran haƙora jere kamar na mataji. A ɗaya sun yi cunkus, a ɗayar akwai tazara tsakaninsu, alhali girman kifin kusan ɗaya. Mai yawan ita ce gariepinus, ɗayar Clarias anguillaris. Mai kifin da ke kallonmu ya ce shi dai duk tarwaɗa ce, kuma kuɗinsu ɗaya. Ban ga laifinsa ba, ni ma da ido ban raba su ba.

Karfasa kuma nata rikicin daban ne. A da duka Tilapia ake ce musu, har Ethelwynn Trewavas ta gidan tarihin Landan ta rarraba su, babban aikinta ya fito a 1983. Waɗanda uwa ke renon ƙwai a bakinta suka koma Oreochromis, shi ya sa Tilapia nilotica ta zama Oreochromis niloticus. Baba ya yi ta buɗe bakin karfasa ko za mu dace da mai ƙwai, ba mu dace ba.

Na sayi bandar tarwaɗa ta tsaraba, na kamo hanya. Da na kai wa malam gyararren babin tare da ƙunshin kifin, ya buɗe, ya sunsuna, ya ce, "Wannan gariepinus ce ko anguillaris?" Ban ƙirga ba kafin a banda ta.