Godiya ga waɗanda suka tsaya mani a jinyar huhu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na nan Sakkwato da na nesa. Alhamdu lillahi, an sallamo ni daga asibiti, har na fara takawa zuwa masallacin unguwa, ko da yake sai na tsaya na huta a hanya.

Da yawanku kun san sau biyu ina shan maganin tarin fuka. Kowane karo wata 6 cur: wata 2 na farko haɗin magani 4, har fitsari ya koma ja saboda ɗaya daga cikinsu mai suna rifampicin, sauran wata 4 kuma magani 2. Na sha yadda aka ce, aka gwada kaki aka ce na warke. Shi ya sa da tari ya dawo a hunturun bana, har da jini, gwiwata ta yi sanyi. Ni da mutanen gida duk mun ɗauka karo na uku ne.

Godiyata ta farko bayan Allah ga likitocin ƙirji na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ba su yi gaggawar mayar da ni kan maganin da na saba ba. Sun gwada kaki, babu ƙwayar cutar. Suka yi hoton CT, wato hoton da ke nuna cikin huhu dalla-dalla, likita ya juyo da allon kwamfuta ya sa biro a kan wani baƙin rami a saman huhuna na dama. Ya ce, "Malam, magani ya kashe cutar, amma tabon da ta bari yana nan, kamar tabon ƙuna a fata." A cikin ramin nan wata funfuna mai suna Aspergillus ta samu wurin zama, ita ke jawo jinin, kuma maganinta daban ne, ana ɗaukar watanni ana sha. Wasu hanyoyin iska kuma sun buɗe suna tara majina. Wallahi ranar na fara gane jikina.

Likita mai gashin ƙashi da ta koya mani kwanciya ta gefe don majina ta fito, da fitar da numfashi a hankali ta tsukakken baki, Allah Ya ba ki ladan haƙurinki.

Uwargida, ban san da wane baki zan gode maki ba. Kin ɗauke murhu kin kai ƙarshen tsakar gida, kina girki cikin ranar Sakkwato don kada hayaƙin icce ya iso ɗakina. Kin bar turaren wuta da kike so tun kina amarya, kin daina kunna maganin sauro, kin ɗaura gidan sauro. Duk safiya kina yayyafa ruwa kafin shara. Inna, addu'arki ta dare na ji ta a jikina. Yaya, maganin tarin fuka kyauta gwamnati ke bayarwa, amma hoton nan da sabon maganin da kuɗi ne, kai ka biya ba tare da na buɗe baki ba. Maƙwabtana na Babbar Kasuwa da suka riƙe mani rumfa, Allah Ya buɗa maku.

Akwai waɗanda har yanzu suke janye kofinsu idan na yi tari. Ban riƙe kowa a zuciya ba, tsoro ne, amma abin yana da ciwo. Ku sani wannan tarin ba a ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum, likita ne ya tabbatar mani.

'Yan uwana da kuka gama magani amma numfashi bai dawo daidai ba, don Allah ku koma asibiti. A fara gwada kaki, domin cutar takan dawo, in kuma babu ita a duba huhun kansa. Sigari da shisha a bar su gaba ɗaya, ranar da hazo ya sauka a sa takunkumi.

Mai son zuwa dubiya, ina gida bayan la'asar. Roƙona ɗaya, a rage turare a jiki, don yana tayar mani da tari. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.