Abin da fentin gindin jirgi ya koya min

Lokacin da malaminmu ya raba mana taken aikin ƙarshen zango a kwas ɗin ingancin ruwa, ni dai nawa ya faɗo kan fentin da ake shafa wa gindin jiragen ruwa na shaƙatawa a Kalifoniya, gaskiya raina bai so ba, na so a ba ni wani abu irin malalar mai. Sai da na shiga ciki na gane ashe maganar babba ce.

Jirgi in ya daɗe a ruwan gishiri gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo suna manne masa a gindi, ya yi nauyi, gudu ya ragu, shan mai ya ƙaru. To shine ake zuba jan ƙarfe a cikin fentin, yana tsiyayewa kaɗan kaɗan cikin ruwa dan ya hana su zama. Wato tsiyayar ita ce aikin fentin. A tsakiyar teku ruwa yana kwashe shi, amma a matsayar jirage inda ɗaruruwansu ke ɗaure wata da watanni kuma ruwan ba ya wani zagayawa, nan yake taruwa. Ma'aunin da ake bi can shine maikurogiram 3.1 a lita ɗaya, abun da ido ba zai taɓa gani ba, amma in ya haura haka ƙwayoyin 'ya'yan halittun nan masu ɓawo ba sa girma daidai.

Rubutuna na farko kai tsaye na ce a haramta fentin kawai a huta. Malam ya dawo min da shi da tambaya ɗaya a gefe, in an hana da me za su shafa? Wallahi ban yi tunanin nan ba. Da na koma baya sai na ga ai jan ƙarfen ma gado ya yi, a da akwai wani sinadari TBT da ya lalata kiwon kawa a gaɓar Arcachon ta Faransa har ƙasar ta hana ƙananan jirage amfani da shi a 1982, daga baya yarjejeniyar hukumar jiragen ruwa ta duniya ta 2001 ta fara aiki a 2008 aka hana shi gaba ɗaya. Kowa sai ya koma kan jan ƙarfe. Jihar Washinton ma ta yi dokar hana shi a 2011 amma aka yi ta ɗage ranar fara aiki, saboda tsoron kar abin da zai maye gurbinsa ya fi shi illa.

Kalifoniya wata hanya ta bi, kuma ita ce ta fi kwanta min. A matsayar Shelter Island da ke San Diyego, tun 2005 hukumar ruwa ta yankin ta ce sai an rage jan ƙarfen da ke shiga ruwan da kashi 76 cikin ɗari a shekara 17, a matsayar Marina del Rey da ke yankin Los Anjalas kuwa kashi 85 aka nema. Sannan daga Yulin 2018 aka yanke iyaka, fentin da za a sayar wa jiragen shaƙatawa kar tsiyayarsa ta wuce maikurogiram 9.5 a kowace santimita murabba'i a rana.

Amma abun da ya fi tsaya min a rai shine masu nutson da ake biya su goge gindin jirgi a cikin ruwa. Mutum ɗaya da buroshi mai kaushi yana kankarar fenti, ya tayar da jan ƙarfe a take, kuma ya buɗe sabon fenti da zai yi kwanaki yana tsiyaya fiye da kima. Shi ba da mugunta yake yi ba, abincinsa yake nema, mai jirgi kuma so yake ya ga gindin fes. Shi ya sa hukumar tashar San Diyego ta sa sai da izini ake wannan aikin, ana ƙarfafa amfani da tsumma mai laushi da rage yawan guga. Da na sake rubutun, shafi biyu cur na ba masu nutson nan, a na farkon ko sunansu ban ambata ba.