Daga Lhasa zuwa Samye, kan sawun sarakunan Tibet

A jirgin ƙasa muka shiga Tibet daga garin Xining na ƙasar Sin, kuma tun kafin mu sauka kaina ya fara sarawa. Layin dogon da aka buɗe a 2006 yana hawa sama da mita 5,000 a mashigin Tanggula, shi ya sa ake sako iskar oksijin a cikin taragai. Baƙo ba ya shiga yankin sai da takardar izini ta musamman da ɗan jagora. Namu wani dattijo ne marar yawan magana, wanda ya ja mana kunne da mu riƙa tafiya a hankali, domin Lhasa, babban birnin Tibet, ita kanta tana kan tsayin mita 3,650.

Da sassafe muka nufi Jokhang, wurin bauta mafi daraja ga mabiya addinin Buda a Tibet. Ƙamshin man shanun da ake kunna fitilu da shi ya cika unguwar Barkhor. Na tsaya kallon wata tsohuwa da ta ɗaura katako a tafin hannayenta, tana miƙewa rub-da-ciki, ta tashi, ta yi taku kaɗan, ta sake miƙewa. Duwatsun ƙofar sun yi sulɓi saboda irin wannan gogayya ta ɗaruruwan shekaru.

Sarki Songtsen Gampo ne ya gina wurin a ƙarni na 7, bayan ya haɗe ƙabilun tudun ya mai da Lhasa hedikwatarsa. A 641, lokacin Sayyidina Umar yana halifa a Madina, aka kawo masa gimbiya Wencheng daga daular Tang ta ƙasar Sin, kuma gunkin Buda mai suna Jowo da ake dogon layi don gani a ciki, ita aka ce ta zo da shi. A zamaninsa ne kuma aka samar da rubutun Tibet, an kwaikwayo shi daga haruffan Indiya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, mutanen nan da duniya ta sani da jan carbi da zuhudu, kakanninsu mayaƙa ne na gani-kashe-ni. A 763, shekara guda bayan kafa Bagadaza, dakarun Tibet sun kutsa Chang'an, babban birnin Sin, sarkin Tang ya arce. A gaban Jokhang har yau akwai dogon dutsen da aka kafa a 823, ɗauke da yarjejeniyar sulhu cikin harsunan biyu. Masu yawon buɗe ido wucewa suke yi ta gefensa ba su ko ɗaga kai.

Daga nan muka bi gaɓar kogin Yarlung Tsangpo, wanda a Indiya ake kira Brahmaputra. Fadar Yumbulagang da kaburburan sarakuna a Chongye ba su ɗauke mu lokaci ba; kaburburan tarin ƙasa ne kawai, kamar kufai.

Samye ce ta riƙe ni. Ita ce gidan malaman Buda na farko a Tibet, wanda Sarki Trisong Detsen ya gina wajen 779 da taimakon wasu malaman Buda biyu daga Indiya, Shantarakshita da Padmasambhava. An tsara ta bisa siffar duniya a aƙidarsu: zagayayyar katanga, babban gini a tsakiya a matsayin dutsen Meru, wanda suke ɗauka shi ne tsakiyar duniya, sai hasumiyoyi huɗu, fara, ja, baƙa da koriya. A nan aka ce malaman Indiya da na Sin sun yi muƙabala a gaban sarki, aka ba Indiyawa gaskiya. Wani matashin almajiri ya zuba mana shayin man shanu da gishiri, na sha don kunya, ya ƙara mini.

Daular Tibet ta wargaje bayan kashe Sarki Langdarma a 842. Ɗan jagoranmu bai so tsawaita zancen wannan sarki ba, ya ce mu kama hanya. Muka koma Lhasa da dare, muka ci taliya da naman yak (wani nau'in sa mai yawan gashi) a unguwar Musulmi, kusa da babban masallacin garin.